Motar da Ba a Sa wa Ƙusa Ba

Ina cikin kwashe shanya, hadarin la'asar ya riga ya sauko daga kan dutse, sai na ji ana taɓa ƙofar baya da ƙafa. Da na buɗe, Li Shan ce, jikar maƙwabcina, sanye da shuɗin kayan makoki. Ta rungumo wani dogon abu da ta lulluɓe da rigar ruwanta, ita kuwa yayyafi yana ta sauka a kanta.

"Cikgu, ki ɓoye min," in ji ta. Cikgu shi ne malama. Haka duk layinmu ke kirana, har waɗanda ban taɓa koyarwa ba.

"Shigo tukuna. Cire takalmi."

"Hannuna a cike yake."

Na durƙusa na cire mata. Ta wuce ciki, ta ɗora abin a kan teburin cin abinci a hankali kamar mai kwantar da jariri, sannan ta janye rigar ruwan. Motar ce. Koriya, ta kusa mita guda a tsawo, duk jikinta takarda da tsinken gora.

"Baba ya ce yau za a ƙone ta," ta faɗa ba ta dube ni ba. "Tare da gidan takarda da kuɗin takarda. Ni da Ah Kong muka yi ta. Ba wanda ya tambaye ni."

Daga gaban gida ana jiyo kugen malamin haikali, a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a kan titi. Maƙwabcin nawa, Kawu Ong, wanda take kira Ah Kong, wato kaka, yana kwance can a cikin akwatinsa. Da yammar ranar za a ƙona masa kayan takarda, kamar yadda maƙwabtanmu Sinawa ke yi wa mamatansu don su same su a inda suka tafi. Washegari kuma jana'iza.

Mu uku ne muke ragewa a ƙarshen layinmu a garin Taiping da rana, idan masu aiki sun fita, kuma kowannenmu da abin da ya rasa. Ni na yi ritaya daga koyar da lissafi a firamare, mijina ya rasu, 'ya'yana suna Kuala Lumpur, ba ni da sauran wanda zan duba wa aikin gida. Li Shan 'yar shekara tara ce, iyayenta suna aiki a Singapore, sai bikin sabuwar shekara take ganinsu. Ba ta da mai ɗaure mata gashi da safe, sai in ta tsallako wurina da matajinta a hannu. Kawu Ong kuwa makullin mota ya rasa. Tun da ciwon shanyewar jiki ya taɓa ƙafarsa ta hagu, ɗansa Chin Hock ya zo hutu ya sayar da tsohuwar motarsa, ya shirya da wani mai tasi ya riƙa kai shi asibiti.

Kawu Ong tsohon makanike ne. Ba abin da ya tsana kamar kujerar baya. Duk ranar asibiti, da ya sauka zai jingina da shingen da ke tsakaninmu ya kawo min ƙara.

"Cikgu Zaiton, yaron nan ya sa giya ta uku a hawan gada. Ta uku. Injin yana kuka kamar akuyar da aka ɗaure."

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Sai ya ƙara rediyo."

Abin da ya rage masa na mota shi ne 'yan ƙananan da yake haɗawa. Suna zuwa a kwali, gunduwa-gunduwa na roba a jikin firam. Sai ya yanke kowanne da reza, ya goge bakinsa da samfefa, ya ɗiga gam da tsinken sakace, ya kama da hantsaki ya manna. Ya cika durowar gilashi guda da su, kowacce ba ta fi tafin hannu ba. Li Shan ce mai riƙe masa fitila da nemo abin da ya faɗi ƙasa, shi ya sa yake kiranta Injiniya.

Akwai kwali ɗaya da ya daɗe yana ajiya a saman durowar, sai bara suka buɗe shi tare. Motar tsere ce ta zamanin dā, Jaguar, koriya, mara rufi, mai wata ƙaya a bayan kan direba kamar ta bayan kifi. Sun yi wata da watanni a kanta. Da suka gama, Li Shan ta ga ɗan mutumin roba mai hular kwano yana kwance a murfin kwalin.

"Ah Kong, ka manta direba."

"Ban manta ba. Bar shi ya huta."

"To wa zai tuƙa ta?"

"Ke dai rufe gam ɗin, yana bushewa."

A ranar ne ya ba mu labarin motar ta gaskiya. Yana saurayi ya yi aiki a garejin wani Bature mai gonar roba, wanda yake da irin wannan motar, yana shiga tsere da ita a Johor. Kawu Ong ne mai kula da ita.

"Na kwanta a ƙarƙashinta fiye da yadda na kwanta a gadona," in ji shi. "Ni ke tura ta zuwa bakin layi. Ni ke goge ta in ta dawo. Daga kukanta kawai na san abin da ke damunta. Amma ban taɓa tuƙa ta ba."

"Ko sau ɗaya?" Li Shan ta tambaya.

"Na taɓa zama a kujerar, injin a kashe. Ina ta juya sitiyari, ina yin ƙarar da bakina, sai ga mai gidan a tsaye da kofin shayi. Ya ce, 'Ong, ka ci tseren?' Na ce, 'Na zo na biyu, ranka ya daɗe.'"

Li Shan ta yi dariya har ta ture fitila. Daga baya Baturen ya koma ƙasarsu, aka loda motar a jirgin ruwa. Kawu Ong ne ya tura ta cikin akwatin katako.

A farkon wannan shekarar zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Ya kwana biyu a asibiti, ya dawo da jakar magani da kumburarrun ƙafafu. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ta shinge.

"Cikgu, in abu yana da tsawon santimita goma sha shida, ina so in ninka shi sau shida, nawa ke nan?"

Mutumin da ya yi rayuwarsa da ma'auni a aljihu ya san amsar kafin in buɗe baki. So yake in zo in zauna. Na ɗauki rula da fensir na tafi.

Ya ɗora 'yar koriyar motar a tsakiyar tebur. Ya ce zai sake yin ta, amma babba, ninki shida, kuma da gora da takarda. Aikin Li Shan shi ne ta auna kowane sashe na ƙaramar, ta ninka, ta zana a takarda. Nawa aikin shi ne in duba lissafinta. Yarinyar da take kuka in aka ce ta karanta jadawalin shida, sai ga ta tana yin sa tana taunar fensir.

"Bakwai sau shida?"

"Arba'in da takwas."

"Injiniya," in ji Kawu Ong, "da wannan lissafin tayar baya za ta fi ta gaba girma. Tarakta za mu yi?"

"Arba'in da biyu. Kai ma ai jiya ka manna yatsanka a tebur."

"Gwada ƙarfin garin shinkafar nake yi."

Shi ke tsaga gorar siri-siri, ya jiƙa ta a ruwan zafi, ya lanƙwasa a kan kyandir har ta ɗauki siffar da yake so. Mahaɗa kuma da zaren auduga yake ɗaure su. Bai taɓa kwalbar gam ɗinsa ba. Kullum sai ya sa Li Shan ta dama garin shinkafa a ƙaramar tukunya har ya yi kauri, da shi suke liƙa takarda, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Garinmu ba ya rabo da ruwan sama, saboda haka takarda ba ta bushewa da wuri. Sai ya juya wa motar fankarsa, shi ya zauna yana gumi.

Sun yi faɗa sau da yawa a kan kayan aiki. Ta samo marafan kwalba guda biyu masu sheƙi, ta ce a yi fitilu da su.

"A'a."

"Me ya sa? Daidai suke, na auna."

"Da takarda za mu yi."

Ta yanko farar leda mai ƙarfi daga kwalin kek, ta ce ga gilashin gaba. Ya juya ta a hannu, ya yaba, ya mayar mata. Sai ya shafa wa wata siririyar takarda man gyaɗa har haske yana ratsa ta, ya ce ga gilashi. Da aka zo sandar da za ta riƙe tayoyi, ni da kaina na kawo wayar ƙarfe daga tsohon maratayin kaya. Ya yi min godiya sosai, sannan ya aiki Li Shan kicin ta ɗauko sandunan cin abinci na katako.

"Ah Kong, kai dai rigima gare ka," in ji ta. "Ko ƙusa ɗaya ba za ka sa ba?"

"Makaniken kirki ba ya buƙatar ƙusa."

"Ƙarya ne."

"Ƙarya ne," ya amsa. "Miƙo min zare."

Ita a ranta ta gama shirya komai. Za ta kai motar baje kolin ƙarshen shekara a makarantarsu, ta ajiye ta a tebur na gaba, ta rubuta sunanta da nasa. Har ta gaya wa ƙawayenta.

Ni kuwa na zauna da Sinawa tun ina yarinya, na san shagon da ke bayan kasuwa inda ake yin gidaje da motoci na takarda. Wata safiya, tana makaranta, na kai masa kunun shinkafa, na same shi yana shafa wa ƙayar bayan motar koren fenti.

"Kawu," na ce, "wannan motar ta wuta ce, ko?"

Bai ɗago ba sai da ya gama layin da ya fara. "Na 'yan shago duk manyan motoci ne baƙaƙe, kowacce da direbanta a zaune da farar hula. Ke kin san ni. A nan kujerar baya, a can ma kujerar baya?" Ya tsoma buroshin a ruwa. "Kuma suna cusa musu waya da leda. Mahaifiyata takan ce abin da wuta ba ta cinye ba, bai isa can ba. Kar in tashi in ga mota ba sandar taya."

Ni ban yarda da abin da ya yarda da shi ba, shi ma bai taɓa neman in yarda ba. Shekara talatin yana aiko min da lemo a sabuwar shekararsu, ina aika masa da dafaffiyar shinkafa a ganyen kwakwa ranar Sallah, kuma yana da kofi guda da ya keɓe mini a gidansa, ba a zuba komai a ciki sai shayina. Damuwata ɗaya ce.

"Yarinyar tana zaton tata ce."

"Na sani."

"Sai ka gaya mata."

"In na gaya mata yanzu, da kuka za ta yi sauran aikin. Kin ga yadda take dariya kuwa? Bari a gama sitiyari. Na gaya wa ubanta a waya, na ce kar ya saya min komai, na yi tawa."

"In ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba."

"Shi ya sa ba ke na sa ki dama garin shinkafa ba," in ji shi.

Daga nan jikin ya riƙa sauka a hankali. Zama a kujera ya gagare shi, aka sauko da gadonsa falo, kusa da teburin aiki. Daga kan matashi yake ba da umarni, Li Shan tana yi. Sitiyarin ne ya ba ta wahala. Sai ta lanƙwasa gorar ta kusa haɗewa, sai ta karye. Da ta samu wanda ya tsaya, ta naɗe shi da takarda mai ruwan ƙasa, ta kawo masa. Ya riƙe shi da yatsu biyu, ya juya dama, ya juya hagu.

"Ya ɗan karkace," in ji ta.

"Na gaskiyar ma ya karkace. Sa shi a dama. Kujerar kuma ki matsar da ita baya kaɗan."

"Ba haka take a ƙaramar ba. Na auna."

"Mai motar yana da dogayen ƙafafu."

Ta dubi ƙafafunsa da suka leƙo daga bargo, ta yi dariya, ta matsar.

Washegari da safe na ɗaure mata gashi, ta tafi makaranta, na shiga da kunu. Ya sha cokali biyu ya ce ya isa. Ya ce in juya masa motar hancinta ya dubi ƙofa, na juya. Ya daɗe yana kallonta.

"Yau zan gaya mata," in ji shi. "Da ta dawo."

Na tafi wanke kwano. Da na dawo fankar tana juyawa, hannunsa yana kan ƙirji, yatsu biyu a haɗe kamar yadda ya riƙe sitiyarin. Na kira shi, na sake kira. Daga nan na kashe fankar, na ja masa bargo, na ɗauki waya na kira Singapore.

Yanzu ga motar a kan teburina, ga Li Shan a tsaye tana ɗigar ruwa. Na ba ta tawul, na haɗa mata madara mai ɗumi. Ba ta sha ba.

"Ai Baba ya saya masa wata," in ji ta. "Baƙa, ƙatuwa, har da direba. Ta fi wannan tsada. Me zai yi da biyu?"

Kafin ta sake magana aka ƙwanƙwasa ƙofar gaba, ta ruga ta shige bayan labule. Chin Hock ne, cikin baƙaƙen kayan makoki, idanunsa jajur don rashin barci. Na san shi tun yana yawo da gajeren wando.

"Cikgu, ki yi haƙuri. Li Shan ta shigo nan?"

"Tana nan. Motar ma tana nan."

Ya sauke numfashi. "Da ruwa ya tsaya za a fara. Malamin ya ce kafin rana ta faɗi."

"Na ji. Amma ba ni zan miƙa maka ita ba."

Ya leƙa ta kafaɗata ya hango motar. Ina jin sai a lokacin ya dube ta da kyau.

"Ya gaya min kar in saya," in ji shi a hankali. "Amma 'yan shagon a haɗe suke sayarwa, gida da mota da barori. Kuma dangi za su ce na yi wa ubana rowa." Ya shafa fuskarsa. "Ni bai taɓa yin irin wannan da ni ba. Lokacin kullum yana gareji. Abu ɗaya ya roƙe ni, Cikgu, in ƙona masa tasa. Amma ba zan fizge ta daga hannun yarinyar ba."

"Je ka wurin baƙinka. Ruwan bai tsaya ba tukuna."

Da ya tafi ta fito. Ta ji komai. Ta zagaya teburin, sai ta tsaya cak a gaban motar.

"Cikgu, fitila."

Ruwa ya samu hanya ta gefen rigar. Fitilar hagu ta jiƙe, takardar ta saki, ta rataya kamar fatar ido.

"Za ta gyaru," na ce. Na jawo durowar da nake ajiye kayan makaranta, na zube mata abin da ke ciki: almakashi, farar takarda, salatif, abin maƙala takardu mai 'yan ƙarafa. Ta goge wurin da bakin tawul, ta yanka sabuwar takarda daidai da ta dama, ta gwada, ta rage gefe. Da ta zo liƙawa na tura mata salatif.

"A'a," in ji ta, ba ta ko duba ba. "Ah Kong ba ya sa leda. Sai garin shin..."

Ta tsaya. Takardar tana tsakanin yatsunta.

Na ga idanunta suna bin motar daga gaba zuwa baya. Fitilun takarda. Gilashin da aka shafa wa mai. Sandunan cin abinci a ƙarƙashi. Zaren da ya ɗaure kowace mahaɗa.

"Cikgu," ta ce, "tun farko ya sani?"

"Tun farko."

"Ke ma kin sani?"

"Daga baya na gane. Na tambaye shi, ya ce haka ne. Ya so ya gaya miki da bakinsa, ranar nan, in kin dawo daga makaranta."

"Me ya sa bai faɗa tun da wuri ba?"

"Ya ce yana son ki yi aikin kina dariya."

Ta zauna a kujera. Ta yi kuka, ba mai ƙara ba, irin wanda kafaɗu kawai ke motsi. Na bar ta. Ruwa yana ta bugun kwanon rufi, kugen yana ta tashi daga waje. Can ta share hanci da bayan hannu, ta sa yatsa ta taɓa 'yar kujerar da ta matsar baya.

"Shi ba ya son direba," in ji ta.

"Ba ya so."

"Waccan baƙar, a baya zai zauna."

Ta tashi ta nufi kicin ɗina kamar gidansu.

"Kina da garin shinkafa?"

Muka dama a ƙaramar tukunya. Ta liƙa fitilar, ta shafe gefen da ɗan yatsa. Na kawo na'urar busar da gashi, ta riƙe ta daga nesa yadda ya koya mata, don kar takardar ta tattare. Kafin ta bushe ruwan ya tsagaita.

Ita ta ɗauke ta da kanta, ta ƙofar gaba wannan karon. Mutanen da ke zaune a rumfa suna ɓare gyaɗa suka matsar da kujerunsu. Wani tsoho, abokin Kawu Ong tun zamanin gareji, ya miƙe ya cire tabarau ya duba ƙarƙashinta.

"Ja'irin," in ji shi. "Har da salansa biyu."

A filin da ke ƙarshen layi aka jera kayan. Gidan takarda mai hawa biyu, da barori a bakin ƙofa, da tulin kuɗin takarda kewaye da shi, da baƙar motar a gaba. Ni na tsaya a bakin titi, ƙarƙashin bishiya, inda nake tsayawa duk lokacin da maƙwabta ke irin wannan. Daga nan ina jin su.

Malamin haikalin ya nuna mata gefen gidan ya ce ta ajiye.

"Ba nan ba," in ji ta. "Baƙar ta tare masa hanya."

Malamin ya dubi Chin Hock. Chin Hock ya sunkuya ya ɗauki baƙar motar da direbanta, ya mayar da ita bayan gidan.

"To," in ji shi, "direban nan sai ya riƙa wanke motoci."

Ta ajiye koriyar a gaba, ta juya hancinta ya dubi titi, inda ba komai sai fili. Ta gyara sitiyarin ya miƙe. Malamin ya rubuta sunan mamacin a 'yar takarda, ya ba ta, ta ɗora a kan kujerar. Sannan ta koma ta kama hannun ubanta. Dangi suka kewaye wurin da sanduna suna bugun ƙasa, aka sa wuta.

Gidan ya daɗe yana ci, yana fitar da baƙin hayaƙi. Koriyar kuwa nan da nan ta kama, harshen wutar fari tas, ta tashi gaba ɗaya. Ban ga Li Shan ta kawar da kai ba. Aka kira sallar magariba daga masallacin unguwa, na koma gida.

Da sassafe, kafin a fita da gawa, ta zo da matajinta. Na ɗaure mata gashi. Uwarta tana nan, amma wurina ta zo. Ta ce bayan jana'iza za ta bi iyayenta, kuma Baba ya ce durowar gilashin tata ce, da duk abin da ke ciki. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna min ɗan direban roba mai hular kwano.

"Ba zan manna shi ba," in ji ta. "Raka ni fili."

Ba a yi ruwa da dare ba, tokar tana nan yadda aka bar ta. Inda gidan ya tsaya akwai wayoyi a lanƙwashe sun yi baƙi. A bayansa, wurin baƙar motar, ga dunƙulen leda da ta narke, ga 'yan ƙarafa. Li Shan ta wuce su, ta je gaba, ta tsuguna a inda ta ajiye tasu. Ta ɗauki tsinke ta tona tokar a hankali, daga inda hancin yake har zuwa inda ƙayar take. Ta sake bi. Toka ce fara, mai laushi, iska tana ɗan ɗaga ta.

"Ba komai," in ji ta.

Ta ajiye tsinken ta miƙe, ta karkaɗe gwiwoyinta. Ta gane cewa motar ta tafi duka, ba abin da ya rage a baya, kuma kujerar tana daidai da ƙafafun Ah Kong.